Malam Dauda Mai Goge Gilashi da Laifin da Ba Nasa Ba

Labarin rasuwar Malam Dauda ya same ni da hantsin ranar Talata, ina bisa tsani a gaban wani shagon magani da ke bakin kasuwar Yelwa. Wani ɗan kabu-kabu na unguwarsu ne ya tsaya a gindin tsanin, ko mashin bai kashe ba, ya ce, "Ummaru, sauko ƙasa." Na ce ya faɗa daga nan, ina jin sa. Ya ce, "Wagga magana ba ta bisa tsani ba ta." Sai da ƙafata ta taka ƙasa ya ce Malam ya cika bayan sallar asuba, za a yi jana'iza da ƙarfe sha ɗaya. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Kwana tara ya yi yana fama da ciwon ƙirji. Sau biyu na je gaishe shi, duka biyun na tafi da magana a bakina na dawo da ita. Wannan maganar ce ta sa na ɗauki alƙalami yau, ni da ban saba rubutu ba.

Ni masunci ne ɗan masunci. Na haura arba'in lokacin da kamun kifi ya ja baya, taruna ya ruɓe, jirgina ya fara shan ruwa, ga iyali cike da gida. Malam Dauda ne ya tarar da ni zaune a bakin ruwa ba aikin fari ba na baƙi, ya ce in ina da ƙarfin ɗaukar tsani in biyo shi. A lokacin ya fi shekara ashirin yana wanke tagogi a Yelwa, tun ana yi masa dariya ana cewa wane ne zai biya a goge masa taga alhali yana da tsumma a gida. Ba ya ƙarƙashin kowa. Jarinsa tsani ne, da bokiti biyu, da robar jan ruwa, da damin tsofaffin jaridu, sai kuma sunansa, wanda shi ne ke buɗe masa ƙofar gidajen da ba a barin namiji baƙo ya wuce zaure.

A sana'armu ba a rabuwa da ƙorafi. Ka wanke taga da safe, a yi yayyafi da rana, a kira ka da yamma a ce ba ka iya aiki ba. Ni mai saurin fushi ne, ban ɓoye ba. Shi kuwa yana da ƙa'idarsa da ba ya saɓawa. Yakan ce, "Kada ka amsa ƙorahi kana bisa tsani. Sauko, ka tsaya inda mai gida yat tsaya, ka duba da idonai." Na taɓa gani wata Hajiya ta tsare shi tana faɗa a kan wani dabbare a tagar falonta. Ni daga nesa na ga shatin hannun jikokinta ne ta ciki, mu kuwa waje aka ce mu wanke. Bai ce mata komai ba. Ya nemi izini ya shiga, ya goge, ya ce ta sake dubawa. Da muka fito na ce, "Malam, don mi ba ka hwaɗa mata ba?" Ya ce, "Ta gani da idonta. In na hwaɗi, na ci gardama na rasa gida." Wata maganar da yake yawan maimaitawa ita ce, "Mai ƙorahi bai bar ka ba tukuna. Wanda yay yi shiru shi za ka ji tsoro."

Shekara uku da suka wuce wani babban dillalin kifi, Alhaji Mamman, ya gama ginin benensa mai kallon kogi, ya sa masa manyan tagogi na gilashi mai duhu da aka kawo daga nesa. Yana shirin walimar tarewa, ya kira Malam Dauda, don sun daɗe tare. Bayan gidan akwai masu bandar kifi, hayaƙinsu mai maiƙo ya riga ya kama tagogi huɗu na sama ya yi musu baƙi. A ranar an kira Malam wani aiki a garin Wara, don haka ya wanke na gaba da safe, ya bar mini na baya ya tafi.

Na sa omo, na sa soso, hayaƙin nan ya ƙi fita. A gidan masunta kuwa ba mu san wani maganin baƙin hayaƙi ba sai yashi. Da shi Inna ke dirje tukunya, da shi muke kankare cikin jirgi. Na sauka na ɗebo lallausan yashi daga ragowar na magina, na barbaɗa a jiƙaƙƙen tsumma, na dirje tagogin nan huɗu da iya ƙarfina. Baƙin ya fita tas. Na ɗauraye, na goge da jarida, na tafi gida ina jin na yi abin a yaba mini. Ban san cewa a inuwa nake aiki ba, kuma ƙarzunan yashi ba sa nunawa sai rana ta karkata ta bugi gilashi.

Washegari bayan la'asar Alhaji ya aiko a kira mu. Muka tarar da shi a falon sama tare da abokansa biyar, duk masu gidajen da muke wa aiki. Rana ta faɗo kan tagogin baya, ga su nan sun yi fari da zane kamar an ja musu ƙaya, ko kogin ba a gani sosai. Malam ya cire takalmi, ya je ya tsaya daidai inda Alhaji ke tsaye, ya duba, ya shafa da ɗan yatsa. Bai waiwayo ni ba ko sau ɗaya, amma na san ya gane.

Alhaji ya ce, "Dauda, mi na wanga?"

Malam ya ce, "Ɓarna ta, Alhaji. Ba ta gyaruwa, sai an sake gilashi. Ka yi haƙuri."

"Ban tambaye ka haƙuri ba. Shekara nawa kana shiga gidana ba ka taɓa ɓata man ko madubi ba? Wa yay yi?"

"Ni kak kira, ni nik karɓi aiki. Aikina na."

Alhaji ya juyo ya kafe ni da ido, ya ce, "In wanga masuncin na, hwaɗa man. Kai ka ci gaba da aikinka, shi kau ba shi ƙara taka gidan mutumin kirki cikin garin ga. Ga shaidu nan zaune."

Kalma biyu kawai ake bukata daga bakina, ni ne. Na buɗe baki, sai na tuna da 'ya'yana shida da jirgin da ya riga ya nutse a bakin gaɓa, na mayar na rufe. Ina tsaye ina kallon ƙasa. Malam ya ce, "Alhaji, duk hannun da yat taɓa tagag ga, ni nis sa shi. In hukunci za ka yi, ga ni." Bai yi ƙarya ba, bai kuma ba da ni ba. Alhaji ya ce to shi ke nan, tunda shi ne, ya kwashe tsaninsa kada ya sake ganin ƙafarsa a ƙofar gidan. Malam ya nemi a bar shi ya ɗauki nauyin sake gilashin, Alhaji ya ce ba abin hannunsa yake so ba.

Kafin mako ya zagayo magana ta bi gari cewa idon Dauda ya mutu, tsufa ya kama shi, yana ɓata wa mutane tagogi. Gidajen sabuwar unguwa suka daina kiransa ɗaya bayan ɗaya. Abin da ya fi ci mini rai har yau shi ne, wasu daga cikin gidajen nan ni suka koma kira, wai ni ne mai sauran ido. Na je wurin Malam na ce ba zan karɓa ba, zan je in faɗa wa Alhaji gaskiya. Ya ce, "Tahi ka yi aikinka. Ni ɗiyana sun girma, naka ba su girma ba." Ya zaunar da ni ya nuna mini yadda ake fitar da hayaƙin banda da ruwan ɗumi da omo da ɗigon kananzir, ya ce laifinsa ne da bai koya mini tun farko ba. Har da zolaya ya ce, "Taga ba tukunyar Inna ba ta, Ummaru." Wannan ne kaɗai faɗan da ya taɓa yi mini a kan lamarin.

Na karɓi gidajen. Zan iya cewa umurninsa na bi, amma gaskiya ita ce umurnin ya yi mini daɗi. Shi kuwa, dattijo mai furfura, ya koma ɗaura tsani a bayan mashin yana bin shagunan Wara da Ngaski da Shanga, cikin rana da ruwan sama, inda aikin yini bai kai na gida ɗaya a Yelwa ba. In mun haɗu a masallaci shi ke fara miƙo mini hannu, ya tambayi yara da sunayensu ɗaya-ɗaya. Ko iyalinsa bai faɗa wa ba. Na sha jin ana cewa idon Dauda ya mutu a majalisa ina zaune, ban taɓa cewa uffan ba.

Ranar sadakar uku muna zaune a ƙofar gidansa, tabarmi sun cika, babban ɗansa Sani yana karɓar gaisuwa. Sai ga motar Alhaji Mamman. Ya zauna, aka yi addu'a aka shafa. Sa'an nan ya dubi Sani ya ce, "Allah shi jiƙan babanka. Mutumin kirki na, mai amana. Tsuhwa ɗai yaɓ ɓata mai aiki daga baya, har munka samu saɓani. Amma ni na yahe mai ɓarnad da yay yi man."

Sani ya sunkuyar da kai ya ce, "Mun gode, Alhaji." Na ga yadda wuyansa ya sage. Ashe shi ma shekara uku yana ɗauke da cewa ubansa ya ƙare sana'arsa da abin kunya. A kan tabarmar nan akwai mutum uku da nake wanke wa tagogi. Na san abin da zai biyo baya in na yi magana. Amma yafe wa mamaci laifin da bai yi ba, a ƙofar gidansa, a gaban ɗansa, wannan ya fi ƙarfin shiruna.

Na ce, "Alhaji, ba shi na ba."

Kowa ya juyo. Alhaji ya ce, "Mi kac ce?"

"Ni nid dirje tagoginka da yashi. Malam shina Wara rannan, bai ko taɓa na baya ba. Idonai lahiya lau har yak koma ga Allah. Ni yar ruhwa ma asiri, ni kau nib bari anka ɓata mai suna ina ci da gidajenai."

Wani dattijo ya fara salati a hankali. Sani ya ɗago ya dube ni, hawaye na zuba, kuma da ya zage ni da ya fi mini sauƙi. Na jira Alhaji ya tashi da faɗa kamar yadda ya saba. Sai na ga ya cire hula ya riƙe a hannu. Ya ce, "Ni niy yi ta yawo da maganag ga cikin gari. Ni nic ce idonai ya mutu." Ya dubi ƙofar gidan da aka fito da gawar, ya ce, "To yanzu wa za ni roƙo gahwara?"

Ni ma tambayar da nake kwana da ita nake tashi da ita ke nan, don sau biyu na zauna a bakin gadonsa yana da rai, na kasa cewa ya yafe mini. Daga ranar zuwa yau gida biyu sun aiko cewa in dakata da zuwa, ban kuma ga laifinsu ba. Na rubuta wannan ne don duk wanda ya taɓa jin an ce Malam Dauda ya ɓata aiki ya sani cewa bai ɓata ba. Ya ajiye tsaninsa da hannu mai tsabta.

Ya Allah, ga bawanka Dauda ya zo gare Ka. Ka jiƙansa, Ka gafarta masa, Ka haskaka kabarinsa, Ka yalwata masa makwanci. Yadda ya suturta ni a gaban mutane alhali yana da ikon tona ni, Ka suturta shi ranar da asirai ke tonuwa. Ka sa wahalar da ya sha a hanyoyin Wara da Shanga ta zama kaffara gare shi, Ka sa Aljanna Firdausi ce makomarsa. Ka ba mai ɗakinsa da Sani da ƙannensa haƙurin rashinsa, Ka tsare musu mutuncinsu, Ka buɗa musu ta inda ba su zato, Ka sanyaya zukatansu a kaina in sun ga dama. Mu da muka ci haƙƙinsa muka makara, Ka sa ya yafe mana a can, tunda a nan ba mu roƙa ba. In tamu ta zo Ka sa mu cika da imani. Amin.