Ranar da Baba Ya Raɗa wa Wasan Yaya Suna

Ko zan manta da komai, ba na jin zan manta da ranar da aka raɗa wa wasanmu suna a Birnin Kudu. Na ce wasa, amma faɗa ne mai ƙa'ida: rabi kokawa, rabi dambe, da ɗan shurin kareti a ciki, kuma da hannu ɗaya ake yinsa.

A Zandam muka tashi, ni da yayana. Shan-inna ta taɓa masa hannun hagu tun yana rarrafe. Babanmu tsohon ɗan kokawa ne, ya kuma yi shekaru yana gadi a Kano, inda ya tsinci kareti a wurin wani tsohon soja. Asalin gidanmu Fulani ne. Fulatancin ya tafi, amma kunyar ɗan fari tana nan daram. Ban taɓa jin Baba ya kira sunan Yaya ba, sai dai "wancan", ko "ka gaya wa ɗan'uwanka".

Ni nake shan horo. Bayan la'asar Baba zai ɗaure min hannun hagu ta baya da tsohon rawani, ya ce in kawo masa hari. Ya koya min yadda ƙafa za ta yi aikin riƙo, yadda zan tura da kafaɗa, in kai naushi in janye kafin a cafke ni. Yana bayani da ƙarfi kamar mai magana da kurma, alhali ga ni a gabansa. Yaya kuwa yana gefe a kan turmi yana ɓare gyaɗa, ba wanda ya ce masa kanzil.

Wata rana na ce, "Baba, wai wace irin kokawa ce wannan? Hannuna fa lafiyarsa ƙalau."

Ya ce, "Kai dai yi abin da aka sa ka. Surutu kamar ɗan kamasho."

Da yake kaina ba ya ja da wuri, sai na ɗauka ni ne ɗan gaban goshi, an yar da Yaya saboda hannunsa. Na ji haushin Baba a madadinsa, haushin ya girma tare da ni.

Da muka zama magidanta, na kama tuƙin mota tsakanin Gwaram da Birnin Kudu, Yaya ya buɗe shagon kayan masarufi a Birnin Kudu. Wani yammaci na tarar da shi a fili bayan shagon, ya daka wani ƙaton saurayi da ƙasa, da irin shigar ƙafar da na sha wuya a kanta. Ashe ya tara almajiran wasa. Ya ƙara nasa, ya rage abin da bai yi masa ba, har masu hannu biyu sai sun ɗaure ɗaya kafin su shiga. Na tambaye shi sunan wasan, ya yi dariya ya ce, "Wanda ya haifa ai shi ke raɗa suna."

Ciwon hanta ne ya ɗauke Yaya. A zaman makoki na kasa kunne, amma iyakar abin da Baba ya ce shi ne, "Allah ya jiƙan wanda ya tafi." Raina ya yi mugun ɓaci. Na yi watanni ban taka Zandam ba.

Bayan shekara ɗaliban suka shirya taron nuna wasan, suka rasa sunan da za su rubuta a kan ƙyallen sanarwa. Wasu suka kawo sunayen Turanci masu karya harshe, daga ƙarshe aka tsaya a kan laƙabin kokawar Baba. Ni aka tura neman izini, na je ina cin magani. Ya saurare ni tsaf, sannan ya ce, "Ba a aika suna a mota kamar buhun masara. Ku sayi goro da dabino, zan zo."

Ranar taron da hantsi na ɗauko shi da Inna. Ya zauna a kan tabarma ya kalli samari suna kai juna ƙasa, leɓensa yana motsi. Aka raba goro, aka yi addu'a, aka miƙa masa lasifika.

Ya ce, "Na ji kuna so ku sa sunana. Ni da hannu biyu Allah ya halicce ni, me zan yi da wasan hannu ɗaya? Saboda yaro ɗaya na ƙirƙiro shi. Ban iya dubansa in koya masa ba, sai na riƙa ɗaure ƙaninsa ina ɗaga murya. Shi ne mai wasan."

Sai ya faɗi sunan Yaya, cikakke, kamar yadda liman ya faɗa ranar sunansa. Ya sake faɗa. Inna ta ja mayafi ta rufe fuska tana cewa, "Malam, a gaban jama'a?" Ya ce, "Ƙyale ni, ya daɗe a bakina." Da sunan ake kiran wasan har yau. Ban rubuta shi a nan ba ne don ni ƙani ne, bakina bai saba ba.

A hanyar komawa na ce, "Baba, ka yafe min, na zarge ka."

Ya ce, "Kalli hanya." Can kuma a hankali ya ce, "Na kira shi yau, ba wanda ya amsa."

Abin da na koya ke nan: ba a auna ƙauna da abin da baki ya faɗa, amma kuma bai kamata a ajiye ta sai mai ita ya tafi ba. Da na isa gida na tsaya a tsakar gida na ƙwala wa 'yata ta fari kira da sunanta, abin da ni ma ban taɓa yi ba. Ta fito a guje tana tambaya ko lafiya.