Makullin da Sadiya Ta Hana Baffanta

A Mandawari, in ka tambayi Halima Sadiya mai hoto, mata ne za su kwatanta maka ita, domin namiji bai taɓa tsayawa gaban kyamararta ba. Hoton mata kaɗai take ɗauka: kamu, wunin biki, suna, wuraren da mace ke ajiye mayafi ta taka rawa ba ta tunanin idon kowa. Gajeriya ce mai saurin tafiya da saurin baki, kuma tun tana ƙarama in ta kafe, ta kafe ke nan.

Abin da ya jefa ta sana'ar ba mai daɗi ba ne. Ranar kamun yayarta Habiba, wani mai hoto ya zuba hotunan a kwamfutar shagonsa, wadda kowa ke taɓawa. Kafin a kai amarya, hoton Habiba ba ɗankwali ya zaga wayoyin samarin unguwa. Habiba ta yi kuka har idonta ya kumbura, Sadiya kuwa ta ƙulla abin a ranta. Da ta gama karatun kwamfuta ta sayi kyamara, ta kama wuri a ma'ajiyar intanet ɗin nan da ake kira gajimare, inda hoto ke nan daram ko waya ta faɗa rijiya.

Ta tsara ma'ajiyar kamar gidan cikin birni. Akwai zaure, inda take sa abin da kowa zai iya gani, irin su akwatunan lefe da jeren ɗaki. Daga nan ba shiga. Kowace mace da ɗakinta, an auna mata girmansa, amarya ta fi mai jego samun fili saboda bidiyo. In ɗaki ya cika, Sadiya ba ta cusa kayan wata a ɗakin wata, sai ta kira mai shi su zaɓi abin da za a rage, ko a ƙara mata wuri. Kowa da kalmar sirrinta, kuma ko an san kalmar sai an shigar da lambar da ke zuwa wayar matar ita kanta, ba wayar miji ba, ba ta yayanta ba. Maza sun yi ƙorafi har sun gaji, ta yi kunnen uwar shegu da su. Babban makullin da ke buɗe dukan ɗakunan kuwa, ita kaɗai ta san shi.

Shagonta wani ɗan ɗaki ne a jikin zauren gidansu na gado, Baffa Maharazu ƙanin mahaifinta ne ya ba ta bayan rasuwar uban. Baffa mutumin kirki ne, sai dai akwai al'adar gidan da ya riƙe kamar farilla: babba shi ke da makullin kowace ƙofa. Tarin makullai ne a aljihunsa, kafin ka gan shi ka ji ƙararsu.

Wata Juma'a da aka sauko daga masallaci ya leƙo shagon. Ya ce amininsa Alhaji Gali yana nema wa ɗansa aure a Dukawuya, kuma an ce yarinyar tana cikin ƙawayen amarya a wani kamu da Sadiya ta ɗauka, suna so su gan ta da kyau kafin a kai gaisuwa. Ya ce ba sai ta wahala ba, ta ba shi babban makullin ya duba da kansa. Ai tun farko ma a hannunsa ya kamata ya zauna, tunda a gidansa ake ajiyar.

Sadiya ta durƙusa ta gaishe shi, ta jawo masa kujera. Ta ce in ganin yarinya ake so, gidan iyayenta yana nan, a je a yi sallama.

“Baffa, ɗakunan nan ba na gidanmu ba ne, amanar mata ce,” in ji ta. “Makullin da zai buɗe ɗakin yarinyar nan shi zai buɗe na Inna Hajo da na Sumayya, kuma gobe yana cikin wayar Alhaji Gali.”

Hajo matar Baffa ce, Sumayya 'yarsa, amma ambaton su bai sanyaya shi ba. Ya ce ba a taɓa yin ƙofar da ta fi ƙarfinsa a gidan nan ba, ta zaɓa, ko makulli ko shago.

Hankalinta ya tashi ƙwarai. A shagon mata suka san ta, kuma Baffa shi ya tsaya musu lokacin da ba su da kowa. Mahaifiyarta ta ce ta je ta ba shi haƙuri. Ta je, ta sake komawa, haƙuri dai ta bayar, makulli ta ce a'a. Da ta ga bai sauko ba ta kwashe kyamara da kwamfuta, ta same shi a zaure cikin abokansa, ta miƙa masa makullin kwaɗon shago da hannu biyu.

“Ga wanda yake naka, Baffa.”

Ta koma aiki a kan tabarma a ɗakin mahaifiyarta, a gidan da suke zaune can lungun baya. Wasu matan sun biyo ta, wasu sun ɗauka ta daina. Baffa ya koma amsa gaisuwarta da ɗaga kai kawai, abin yana yi mata ciwo, ba ta kuma ɓoyewa.

Ana nan Sumayya ta haihu a gidan iyayenta, haihuwar fari. Ranar suna Inna Hajo ta aika a kira Sadiya. Ta zo da jakar kyamararta, ta tarar da Baffa a zaure, Alhaji Gali a gefensa. Ta durƙusa ta yi barka, ta wuce ciki inda su ba sa shiga ranar taron mata. Aka rufe ƙofa, aka fara buga ƙwarya.

Inna Hajo ta matso kusa da ita. “Makullin nan dai yana hannunki ke kaɗai?”

Sadiya ta ce yana nan.

“To ɗauka,” in ji Hajo. Ta zare mayafinta ta cilla kan igiyar shanya, ta shiga filin rawa.