Jar akuyar da ta ƙi zama a gidan fasto

Ni ba mai yawan yi wa Allah alkawari ba ce, don na san halina, ina da riƙo. Amma ranar da 'yata ta fari ta shiga kwana na biyu tana naƙuda a asibiti, bakina ya riga hankalina. Da tsakar rana ce, ina zaune a baranda, kusa da ni maƙwabciyata Bafulatana wadda ta kawo mana kunu. Na ɗaga murya na ce, "Ubangiji, in ka fito min da uwa da ɗa da rai, jar akuyata taka ce." Ko la'asar ba a yi ba muka ji kukan jariri. Namiji ne, uwarsa kuma lafiya lau.

Akuyar nan kuwa duk layinmu na Tudun Wada an san ta. Tun tana 'yar mitsitsiya na saye ta a hannun maƙwabciyar tawa, na yi ta ɗura mata dusa da ƙaiƙayin wake har jikinta yana sheƙi. In ina ɗinki a zaure, a gindin keken take kwanciya. Maigidana yakan tsokane ni wai ko shi bai samu irin wannan gatan ba, ni kuma in ce masa ai ita ba ta taɓa kushe min miya ba.

Ranar Lahadin da aka kai jikana coci don miƙa shi ga Ubangiji, muka fito godiya da rawa. 'Yan zumuntar mata suna gaba suna kaɗa tulu da kacakaura, 'yata ta rungume jariri, ni ina baya ina jan igiya. Akuya ta turje a bakin ƙofa, sai da dattawa biyu suka turo ta. Jama'a suna ta dariya, ni ma ina dariya, amma da fasto ya karɓi igiyar sai da na share ƙwalla. Na yi murna ƙwarai, kuma na ji zafin rabuwa, duka a lokaci ɗaya.

Aka kai ta gidan fasto a unguwar Pantami kafin dattawa su yanke abin da za a yi da ita. Ranar Laraba ina cikin ɗinki sai na ji abu yana shafa min ƙafa. Na duba, sai ga ta, da guntun igiya a wuya. Yadda ta ratso tituna da 'yan acaɓa har gida, ita kaɗai ta sani. Maigida ya ɗauki keke napep ya mayar da ita. Ranar Asabar ta sake dawowa.

A nan ne zuciyata ta fara yi min wa'azi mai daɗi. Ta ce ai na cika alkawari a gaban kowa, in kaya ya dawo da ƙafarsa, ƙila mai shi ne ya yafe. Na kwana biyu ban gaya wa fasto ba. Maƙwabciyata ta leƙo, ta latsa cikin akuyar, ta ce ciki ne da ita, shi ya sa take neman inda ta saba. Dole na je na faɗa wa fasto ta sake dawowa. Ya yi dariya har da riƙe ciki, ya ce matarsa ta gaji da tsere da akuya, dattawa kuma sun yarda in ci gaba da kiwon ta a gidana, ta Allah ce, ni mai tsaro ce kawai. Maganar cikin kuwa ban ɗaga ba, shi ma bai tambaya ba.

Bayan wata biyu ta haifi tagwaye, mace da namiji, jajaye kamar uwarsu. Na tsaya ina kallon su ina ƙulla hujja. Akuya na ambata a asibiti, ban ambaci 'ya'ya ba. Dusar ma daga aljihuna take fita. Har na zaɓi macen a raina, na ce ita za ta maye min gurbi. Na faɗa wa maƙwabciyata haka ina neman ta goya min baya, tana tsugune tana goge ɗan akuyar da tsumma.

Ba ta ko ɗago ba. Ta ce, "Adda, ina zaune kusa da ke ranar nan. Uwa da ɗa kika roƙa, kuma duka biyun aka ba ki."

Kunya ta rufe ni. A daidai lokacin jikana yana tsakar gida a cinyar uwarsa, yana wuntsila ƙafa, ya yi ɓulɓul. Na kalle su su biyun.

Da aka yaye tagwayen, ni da kaina na kai su coci, na faɗi gaskiyar abin da na so yi, matan zumunta suka yi ta tsokana ta har aka tashi. Dattawa suka ba wata gwauruwa a unguwar Arawa macen, namijin kuma aka kai wa wani mai bishara a ƙauye. Tun daga nan haka ake yi duk haihuwa, har gidajen gwauraye da dama yanzu akwai jinin jar akuyar nan.

Ta tsufa, har yau a gindin kekena take kwanciya. Jikana ya fara makaranta. In baƙo ya yaba ta ya tambaya ko tawa ce, yaron ne yake riga ni amsawa, ya ce a'a, ta Yesu ce, Kaka kiwo kawai take yi. Sai in jawo shi jikina in ce ya je ya ɗebo mata dusa.