Muryar Malam a Zauren Gaisuwa

Lokacin da na kama aiki a wani kamfanin irin shuka a Funtua, duk Litinin a gindin darbejiyar ofis muke haɗuwa, kowa ya faɗi halin da gonakin yankinsa ke ciki. Daga baya aka koma rukunin hira na waya, inda hoton tsutsar masara da katin ɗaurin aure ke cakuɗe wuri guda. Da abin ya ishi manaja, sai ya kawo mana manhajar ma'aikata: zauren masara daban, na auduga daban. Har da zauren gaisuwa, wanda kowa ya san don mutum ɗaya aka buɗe shi.

Mutumin kuwa dattijon malamin gonarmu ne na garin Ƙarfi. Idonsa ya yi rauni, sai saƙon murya yake turowa, kuma ba ya shiga batun aiki sai ya tambayi gajiyar kowa, da iyali, da ruwan jiya. Ni kuwa mutum ne mai gaggawa. Ranar da na gano maɓallin da ke ninka saurin murya har daɗi na ji, na koya wa sauran. Muka riƙa jin Malam yana zuba kamar mai tallan magani a kasuwar Malumfashi, muna dariya.

Ya rasu bayan girbi. Sai da damina ta sake zagayowa aiki ya kai ni Ƙarfi, na shiga gaida mai ɗakinsa. Ta ce ta ji labarin muryarsa na cikin wayarmu, tana so ta ji ko da kaɗan ne. Na buɗe manhajar da ƙarfin gwiwa. Ashe manhajar kyauta muke amfani da ita, kuma ba ta riƙe tsohon saƙo, bayan 'yan watanni sai ya ɓace. Zauren gaisuwa wayam. Na gaya mata gaskiya.

Ta ce, “Ba komai. Kai da ka saba jin sa kullum, kwaikwaya mini yadda yake gaishe ku.”

Na laluba kaina, babu abin da ya rage sai waccan siririyar murya mai gudu da muke yi wa dariya. Baƙin cikin wannan bai sake ni ba har yau. Na ce, “Hajiya, a hankali yake magana.”

Ta ce haka ne, shi bai taɓa gaggawar gaisuwa ba.