Tafintar da Na Kai Treichville

Shekara goma sha tara ina sayar da yadi a kasuwar Adjamé, amma Faransancina bai wuce na ciniki ba. 'Yata ta fari kuwa a nan unguwar Bromakoté aka haife ta, Hausarta ce ma ke tuntuɓe. Tana da shekara goma sha huɗu hoton ƙirji ya nuna ƙari a gefen huhunta na hagu. Likitocin asibitin Treichville suka ce ba na cutar kansa ba ne, amma yana girma yana danne mata numfashi, sai an buɗe ƙirji an cire.

Ranar sa hannu likitan ya ce in zo da babban mutum mai jin Faransanci. Na ƙi. Ina da maƙwabcin da zai zo da gudu, sai dai na san kafin la'asar duk unguwa ta ji za a tsaga ƙirjin 'yar wane, ga ta mace, wata rana za a zo neman aurenta. Na ce ita za ta fassara, in ba haka ba me na kai ta makaranta ta yi?

Likitan ya daɗe yana magana, yana nuna hoton da biro, yana lanƙwasa yatsunsa ɗaya bayan ɗaya. Ita ta zuba wa bakinsa ido.

Na ce, "Me ya ce?"

"Ya ce ba komai, Baba. Ƙaramin opération ne."

"Duk wannan surutun?"

"Haka suke. Sa hannu a nan."

Na sa. Da muka sauka daga mota a Indénié na saya mata soyayyar ayabar nan, alloko, ta ƙi ci, na balbale ta da faɗa a bakin titi.

An yi aikin, an cire ƙarin, ta farka. A kwana na huɗu wata ma'aikaciyar jinya 'yar Nijar ta karanta min takardar da na sa wa hannu, da Hausa. Jini zai iya ɓallewa. Za a iya cire rabin huhu. Muryarta za ta iya tafiya. Za ta iya ƙin farkawa. Abin da likitan ke lissafawa da yatsu ke nan, kuma kwana tara yarinyar ta yi da shi a cikinta ita kaɗai, ina gefe ina tunanin bakin mutane.

Kunya ta rufe ni, har na kasa haɗa ido da matar. Na shiga ɗakin da 'yata ke kwance, na tsaya a bakin gado kamar baƙo.

"Me ya sa ba ki faɗa min ba?"

Ta juyo a hankali saboda robar da ke haƙarƙarinta.

"Da na faɗa, da ba ka sa hannu ba, Baba. Ni kuma na gaji da haki."