Alawus ɗin Riƙon Kawuna

Shekarar da aka tura ni koyarwa firamare a Talata Mafara, kawuna yana aikin gadi a filin da masu ginin dam ɗin Bakolori ke ajiye tifofi da katafiloli. Bai jima da dawowa daga soja ba. Da igiya biyu aka sallamo shi, wato kofur. Ba mai yawan magana ba ne, kuma mu a gida ba mu saba tambayarsa abin da ya gani a can ba.

Wata rana shugaban masu gadin ya kwanta ciwo, aka ce kawu ya riƙe masa wurin. Ya ce sai an rubuta. Aka yi ta lallashi, ya ƙi, aka ba wani. Da labari ya iso gida na tambaye shi dalili.

"Na taɓa yin riƙo da baki," ya ce. "Ya ishe ni."

A ranar na ji cewa ya yi wata goma sha huɗu yana aikin saje a barikinsu. Sajen nasu ya karye a hatsarin mota, hafsansu ya kira kawu ya ce ya ci gaba da kula da mutanen. Shi ke fitar da su fareti, shi ke raba gadi, shi ake tsawata wa in sun yi laifi. Sai bayan sallama ya ji cewa wanda ya riƙe muƙamin da ya fi nasa yana da alawus a kan albashinsa.

"Malam, tunda kana da boko, rubuta muna mu gani," in ji kawu.

Na rubuta wa hukumar soja. Amsa ta zo a taƙaice: a aiko da takardar umarnin da ta ɗora shi a kan riƙon. Ba shi da ita.

Sai ya tuna da akawun rundunarsu, wani mutumin ƙasar Maradun da aka sallame su tare. Ranar wata Alhamis muka hau babur ɗina muka nufi garinsu. Ba mu same shi inda kawu ya sani ba, don an tashi mutanen saboda ruwan dam ɗin da zai kwanta a wurin. Wani mai kiwo ya nuna mana sabon matsuguninsu, gidaje a jere a kan tsandauri, babu inuwa ko ɗaya.

Mun iske akawun yana kafa danga. Suka daɗe suna gaisawa, gida, iyali, gajiya, haƙurin tashi. Da kawu ya faɗi abin da ya kawo mu, mutumin ya ce bai taɓa buga wannan umarni ba. Hafsan ya yi ta cewa gobe har aka canza masa wurin aiki.

"To shi ke nan," in ji kawu, ya fara neman takalminsa.

"Dakata, kofur. Akwai lokacin da sabon hafsa ya zo, ya sa na buga jerin masu aiki. Can na sa ka a matsayin saje mai riƙo, kuma ya sa hannu."

Ba shi da kwafe, amma ya tuna watan, da kuma ofishin da aka ajiye fayil ɗin. Ya yagi takarda daga littafin ɗansa ya rubuta shaida, ya sa lambarsa ta soja. Ba shi da abin ba mu sai ruwa, shi ma daga nesa aka ɗebo.

Na sake rubutawa na haɗa da shaidar. Damina ta shiga ta fita. Da amsa ta zo, an yarda da wata biyar, daga ranar da sunansa ya shiga jerin. Sauran tara babu abin da ya nuna su. Na so mu ƙara rubutawa, kawu ya ce a bari.

Ya tafi Sakkwato ya karɓo kuɗin. Ya sayi buhun gero ya ɗora a mota ya aika wa akawun, abin da ya rage ya sayi jaki da shi. Ya ci gaba da gadi har aikin ya ƙare, daga nan ya koma Bakura ya kama noman rani a gonar matarsa.