Kalmar da Isufu ya bari a barga

Shekara takwas ke nan da muka kai Isufu makwancinsa a bayan garin Lyon. A zamaninsa, mai son jin yadda tseren dawaki ya ƙare sai ya jira jaridar gobe, ko ya tsaya gaban talabijin a shagon shan kofi. Yau jikokina a unguwar Belleville ta Paris suna nuna mini doki yana tsallake shinge a wayar hannu, su mai da hoton baya, dokin ya sake faɗuwa sau goma in sun ga dama. Nakan tambayi kaina me Isufu zai ce. Ina jin zai karɓi wayar ya kifa ta, ya ce doki sau ɗaya yake faɗuwa.

Isufu ɗan kawuna ne, mutumin Tahoua, na girme shi da shekara tara. Ni na tarbe shi da ya iso Paris. Tafinta ne ni. Na yi Larabci a Alƙahira, Ingilishi a Kano da London, ga Faransanci da Zabarmanci. Shi kuwa Faransancinsa da ƙyar yake sayo burodi. Ni ke cika masa takardu, ni ke yi masa magana a ofis, kuma ina jin daɗin hakan fiye da yadda na bari ya gani. Ya yi dakon kaya a kasuwar Rungis, sannan ya samu aiki a wata barga kusa da Lyon, inda ake horar da dawakin tsallaken shinge. Daga ranar na koma na biyu.

Na faɗa a fili, tunda tsufa ya rage mini kunya: kishin dawakin nan na yi. In na buga masa waya, gaisuwa biyu sai ya shiga labarin wata goɗiya da ya raɗa wa suna 'Yar Adar, ko da yake ba ta taɓa shaƙar iskar ƙasarmu ba. Ta ci, ba ta ci ba, ƙafarta ta yi zafi. Sunan jikana na fari bai zo ba, domin ranar za ta yi tsallenta na farko.

Sai na mai da kishin hujja. Na ce masa na ga sukuwa a Yamai, a shimfiɗaɗɗen fili, kowa ya koma gida da dabbarsa. Na ga masu zanga-zanga a Ingila suna kiran wannan tsere kisan gilla. Yaya mutum zai wanke doki, ya ciyar da shi a tafin hannu, sannan ya kai shi inda zai karya wuya don 'yan caca su yi shewa? Shi bai taɓa yin caca ba, kuma bai taɓa musun cewa ana mutuwa ba. Ya san sunan kowane doki nasu da bai dawo ba.

"Yaya Mamman mai harsuna," in ji shi, "wani dokin tura shi ake yi, wani kuwa shi ke jan mutum zuwa shingen. Ni na san bambancin. Kai a jarida ka karanta."

Ya ce in ya ga doki ba ya so, yakan gaya wa maigidan, ko da ba kullum ake jinsa ba. Amma yana da doka ɗaya. In doki ya karye, akan kewaye shi da koren labule kafin likitan dabbobi ya yi masa allurar ƙarshe. Ma'aikata da yawa sukan juya baya. Isufu yakan shiga, ya ɗora kan dokin a cinyarsa, yana cewa sannu, sannu, har a gama. Yana ganin wanda ba zai iya shiga bayan labule ba, bai cancanci tafawa a gaban shinge ba.

Da ciwon huhu ya kwantar da shi a asibiti, aka sa 'Yar Adar a wani babban tsere a Paris. Ya roƙe ni abu ɗaya: in je in tsaya masa, in kawo masa labari. Karo na farko ke nan da ya buƙace ni cikin harkar dawakinsa. Na hau metro, jirgin ƙarƙashin ƙasa, na tafi.

Ban zaci abin yana da kyau haka ba. Ƙasa tana rawa ƙarƙashin ƙafa, dawakin su tashi sama tare kamar an ɗaga su da igiya. Na ji kaina ina kiran sunanta. A shinge na biyun ƙarshe ta sauka ba daidai ba, ta yunƙura, ta koma. Aka kawo labulen. Rémi, abokin aikin Isufu, wani Bafaranshe mai furfura da ya san ni, ya yafuto ni da hannu. Na ga hannun sarai. Na tsaya inda nake, riƙe da ƙarfen katanga.

Washegari a jirgin Lyon na tsara maganata, kuma Allah na gani, akwai wani lungu a zuciyata da ya ji daɗi. Na shiga ɗakinsa a asibiti, ko gaisuwar kirki ban ƙarasa ba, na ce ta mutu, na kuma ƙara da cewa na daɗe ina faɗa masa. Ya dubi rufin ɗakin, ya tambaye ni:

"Wa ya riƙe mata kai?"

Na ce Rémi.

"Ya ce mata wani abu?"

Na ce daga inda nake ban ji ba. Bai zarge ni ba. Ya ce ba komai, Rémi ya iya. Sai ya juya fuskarsa bango. Bayan mako uku ya cika. Ragamar goɗiyar ya bar wa Rémi. Ni aka miƙo mini jakar takardunsa, dukkansu da rubutun hannuna a jiki.

Yau masu cewa a hana tseren sun ƙaru, kuma rabin maganarsu tawa ce. Ina jin da Isufu yana nan zai saurare su, ya gyaɗa kai, sannan ya tambaye su ko sun taɓa shiga bayan labule. Ban ce shi ke da gaskiya ba. 'Yar Adar ba ta zaɓi Paris ba.

Bara na je bargar. Rémi ya yi ritaya, ma'aikatan duk sababbi ne, ba wanda ya san Isufu. Ina tsaye sai na ji wata mata tana goge wuyan wani ingarma mai firgita, tana cewa sanu, sanu, da harshen Faransawa. Ta ce haka ake cewa a nan, ita ma ji ta yi. Da ta ji aikina, ta tambaye ni ma'anarsa. Na jera mata kalmomi huɗu na Faransanci, ba wadda ta zauna.

Na yi shekara talatin ina ɗaukar maganar mutane daga wannan harshe zuwa wancan, ban bar kalma ɗaya tawa a bakin kowa ba. Isufu da bai iya sayen burodi ba ya bar tasa. Har yau ina kishinsa, ina kuma kishin Rémi. Abin da ya canza shi ne, tun daga ɗakin asibitin nan ban sake ce wa kowa na faɗa maka ba.